Garin Neman Gira: Abin da Ke Kashe Alƙalamin Tawada a Hannun Mai Gyara

Alƙalamin farko da na kashe da hannuna ya girme ni nesa ba kusa ba. Baƙi ne siriri, mai 'yar liba a gefe, irin wanda ake ɗaga libar, a tsoma bakinsa cikin kwalba, a sake ta ya zuƙi tawada. Da ya zo hannuna libar ta ƙi ɗaguwa. Na girgiza shi kusa da kunne, na ji wani abu na ƙaras-ƙaras a ciki kamar tsakuwa a gwangwani. Na san jakar robar da ke riƙe tawada a ciki ce ta bushe ta farfashe, na kuma san ba a kaiwa gare ta sai an zare wuyan alƙalamin daga gangar jikinsa. Na murɗa da hannu, ya ce bai san zance ba. Na naɗe shi da tsumma, na ɗauko filaya. Ƙarar da na ji ba ta fi ta karyewar tsinken ashana ba, amma da na kwance tsumman sai ga tsaga ta taso daga bakin gangar ta ratsa tiredin murfi gaba ɗaya. Abin da ya yi shekara da shekaru yana yawo a aljihun mutane lafiya lau, daƙiƙa biyu ya yi a teburina.

Duk wanda ya daɗe a wannan sha'awa yana da irin wannan gawa a durowa, ko ya faɗa ko ya ɓoye. In ka bi labaran ɗaya bayan ɗaya kuma za ka tarar bakinsu ɗaya: tsufa ya bar alƙalamin da ransa, mai son raya shi ne ya ƙarasa shi. Shi ya sa a wurina ilimin gyaran alƙalami yana ga iya rarrabe ayyuka iri biyu. Akwai wanda in ka kuskure za ka iya komawa baya ka sake. Akwai kuma wanda in ka yi shi ke nan, bakin alƙalami ya bushe. Wanki yana cikin na farko. Gogewa, gasawa, lanƙwasawa da mannewa duk suna cikin na biyu, kuma abin haushi su ne suka fi jan hankalin sabon shiga.

Yoyon da aka sa wa linzami

Kafin a taɓa komai sai an san yadda abin yake aiki. Alƙalamin tawada ba shi da wani inji da ke tura ruwa zuwa takarda. Yoyo ne kawai, amma yoyon da aka sa wa linzami. Tawada tana zaune a ciki, ta biyo wani ɗan baƙin abu mai tsaga-tsaga da ke kwance ƙarƙashin bakin ƙarfen, wanda zan riƙa kira harshe tunda a ƙarƙashin baki yake. A jikin harshen akwai siraran hanyoyi da ba su fi kaurin gashi ba. Ruwa yana da ɗabi'ar bin matsattsiyar hanya da kansa, kamar yadda kananzir ke hawa lagwani, don haka tawada ke bin hanyoyin nan ta shiga tsagin da ya raba bakin gida biyu, ta isa tsini. Takarda ta taɓa ta, ta ja ta.

To amma duk ɗigon da ya fita sai iska ta shiga ta maye gurbinsa, in ba haka ba tawadar ta tsaya cik, kamar kwalbar da aka kifa aka toshe bakinta da yatsa. In iskar ta yi yawa kuma sai ta kwararo. Wannan musanya ta ruwa da iska ita ce ta gagari masu ƙera alƙalami shekaru da dama. Wani ɗan Romaniya, Petrache Poenaru, ya yi rajistar nasa a Faransa tun 1827, wasu ma sun gwada kafinsa da bayansa, amma sai a 1884 Lewis Waterman ya yi rajistar harshe mai siraran tsaga uku a cikin babbar hanya ɗaya, a birnin New York, tawada na bin tsagar tana sauka, iska na bi ta sama tana hawa. Kusan kowane alƙalamin tawada da ke duniya yau jikan wannan dabara ne. Amfanin sanin haka ga mai gyara shi ne, duk matsalar rubutu, ko dai hanyar ruwa ce ta toshe, ko hanyar iska, ko kuma baki da harshe sun rabu ba sa taɓa juna. Da wuya a wuce waɗannan ukun.

Mafi yawanci kuma na farkon ne. Tawadar alƙalami rini ce a cikin ruwa. In aka ajiye alƙalami da ita wata da watanni, ruwan ya tafi, rinin ya daskare a cikin hanyoyin. Maganinsa ruwan sanyi, ba wani abu ba. A zuƙa a fesar, a zuƙa a fesar, har ruwan ya fito garau. Wanda wuyansa ke kwancewa, a sa masa 'yar robar nan ta zuƙe majinar jarirai ta baya a tura ruwa da ita, aikin minti goma ya koma na minti ɗaya. In ya yi taurin kai, a tsayar da bakin kawai cikin ɗan ruwa a kofi ya kwana. Da safe za ka ga launi ya sauka ƙasan kofin kamar hayaƙi. In har yanzu da saura, sai a haɗa amoniyar wanke-wanke kashi ɗaya da ruwa kashi tara, da ɗigon sabulun wanke kwanuka, a wanke da shi, sannan a ɗauraye sosai. Amoniya tana cin alminiyam, kada a kusantar da ita ga alƙalamin da ke da shi. Kada kuma a kuskura a gama ta da bilic, haɗin yana tayar da iska mai guba.

Tunda an zo maganar tawada, akwai wadda ba ta da hurumin shiga alƙalami ko kusa. Baƙar tawadar zane da ake kira ta Indiya, da duk wadda aka yi don tsoma baki a rubuta, suna da ƙaro ko danƙo a ciki. In suka bushe a harshe sun zama siminti. Akwai kuma mai sinadarin ƙarfe, wadda ke ƙara duhu bayan ta sha iska kuma ruwa ba ya wanke ta. Ta zamani ba ta da zafi kamar ta da, amma duk da haka ba a barinta ta daɗe a alƙalami mai bakin ƙarfe. Kamfanoni da kansu sun taɓa yin ɓarna ta nan: Parker ya fitar da tawadar Superchrome a 1947, mai saurin bushewa, wadda aka yi domin samfurinsa mai suna Parker 51, amma kaifinta yana lalata jikin wasu alƙaluman. Ga tsohon alƙalami dai, shuɗiya mai sauƙin wankuwa ta fi komai kwanciyar hankali. Launuka masu ƙyalƙyali a bar wa sababbi waɗanda ake iya warwarewa a wanke.

Kama da wane ba ta wane

Na ce a jiƙa baki kawai, ban ce a jefa alƙalamin gaba ɗaya cikin ruwa ba, kuma da dalili. Baƙaƙen alƙaluma huɗu za su iya kwanciya a gabanka kamar 'yan uwa ɗaya, alhali kowanne da abin da aka yi shi, kowanne da abin da ke kashe shi. Nan ne wurin da ya cancanci a daɗe.

Mafi tsufa shi ne ebonait, wato roba da aka dafa da farar wuta mai yawa, kusan kashi ɗaya cikin uku, har ta yi tauri kamar ƙaho. Nelson Goodyear ya yi rajistarta a 1851, kuma da ita aka yi yawancin alƙaluma har zuwa shekarun 1920. Gane ta ba wuya: murza ta da yatsa har ta yi ɗumi ka shinshina, za ka ji warin taya. Tawada ba ta yi mata komai, shi ya sa har gobe ake yin harshe da ita. Abokin gabarta haske ne. Rana na dukanta, farar wutar da ke fatar sama tana sauyawa, baƙin ya koma ruwan ƙasa ko kore-kore. Sau da yawa ɓarnar ta riga ta faru amma ba ta fito ba, sai ranar da ruwa ya taɓa wurin. Mutum ya jiƙa baƙin alƙalami sumul da dare, ya wayi gari da mai launin ƙasa, ya rasa abin da ya faru. In ka zare murfin tsohon ebonait za ka ga shaida: wurin da murfi ya rufe baƙi ƙirin, wurin da ke waje ya koɗe, da iyaka a tsakani kamar an ja layi.

Sai seluloid, wanda kamfanin Sheaffer ya shigo da shi kasuwar alƙalami da ƙarfi a 1924, Parker ya biyo baya a 1926. Shi ne ya kawo launi: kore mai ratsi, ruwan zuma, ja mai walƙiya kamar da zurfi a cikinsa. Ana yin sa ne da audugar da aka sarrafa da asid, a haɗa da kafur, don haka in ka murza shi wani lokaci kafur ɗin kake ji. Kyansa ba a magana, amma rigimarsa ta fi ta kowa. Wuta na taɓa shi ya kama bal-bal. Sifirit na cin fatarsa, asiton ɗin goge farce kuwa narkar da shi yake yi. Jakar robar da ke cikinsa ma in ta fara ruɓewa tana fitar da iskar da ke rina shi daga ciki. Shi ya sa za ka ga tsohon koren Sheaffer murfinsa kore shar, gangar jikinsa ta koma ruwan ƙasa, kamar ba tare aka haife su ba. Wannan rinin ya ratsa naman abin ne, babu gugar da za ta fitar da shi. Mafi muni shi ne in seluloid ya fara ruɓewa da kansa: ƙarshensa ya yi garau kamar ƙanƙara, ƙananan tsaga su bazu, zoben ƙarfen da ke kusa ya fara kore. Ba ya warkewa, kuma iskar da yake fitarwa tana kama na kusa da shi. A ware shi daga sauran.

Na uku kesin, wanda aka yi da sinadarin madara aka taurara shi. Kamfanonin Ingila irin su Conway Stewart sun yi amfani da shi sosai. A ido da ƙyar ka bambanta shi da seluloid. A ruwa kuwa nan take asirinsa ke tonuwa, don shan ruwa yake yi ya kumbura ya yi laushi, in ya bushe kuma ba ya komawa yadda yake. Na huɗu shi ne dangin robobin zamani, tun daga akirilik ɗin da aka yi Parker 51 da shi a 1941 har zuwa na Lamy 2000 da ya fito a 1966. Waɗannan su ne masu haƙuri, suna jure ruwa da ɗan ganganci, ko da yake sifirit na iya sa akirilik ya tsattsage. Na Japan masu fentin danƙon itacen urushi kuwa nasu daban ne: tsumma mai laushi kawai, kuma a raba su da rana.

In ba ka tabbatar da wanne ke hannunka ba, ɗauke shi a matsayin mafi rauni cikinsu.

Buɗe ciki

Mu koma ga gawar da ke durowata. Abin da ya kamata in yi shi ne in gasa wurin. Wuyan tsofaffin alƙaluma ko dai a matse aka tura shi, ko an ɗan shafa masa shalak, wani danƙo da wasu ƙwari ke fitarwa a jikin itatuwa a Indiya da Tailan. Shalak yana fara laushi wajen digiri 60 a ma'aunin Salshiyas, zafin kuma yana sa tsohuwar gangar ta ɗan saki jiki maimakon ta tsage. Matsalar ita ce seluloid ma ba ya nisa da nan yake fara lanƙwashewa. Tazarar 'yar kaɗan ce. Don haka ba a zuwa kusa da harshen wuta, ba a kuma tsomawa a tafasasshen ruwa. Na'urar busar da gashi ake sawa, ana jujjuya alƙalamin, yatsunka na wurin. In zafin ya fi ƙarfin yatsanka, ya fi ƙarfin alƙalamin. Sai a kama wuyan da ɗan yankin roba, a ja a hankali ana ɗan girgizawa. Ya ƙi, a sake gasawa. Ya sake ƙi, a ajiye shi sai gobe. Na taɓa yin kwana huɗu a kan wuya ɗaya, ranar ta biyar ya fito kamar da ma jira yake. A kuma bincika tukuna ko na turawa ne ko mai tiredi, don wanda ya ja mai tiredi ya gama da shi. Wasu sassan ma tiredinsu na hagu ne, kana ganin kwancewa kake yi ashe ƙara ɗaurewa kake.

Da wuyan ya fita, sauran aikin daɗi ne. Ka kifa gangar, ɓaraguzan tsohuwar jaka su zubo baƙi-baƙi kamar gawayi. Ka leƙa da tocila, ka ga siririn ƙarfen da liba ke dannawa ya matse jakar, ka duba ko tsatsa ta cinye shi. Ka kankare ragowar robar da ta manne a kan ɗan nonon wuyan, a hankali, don shi ma yana karyewa. Sababbin jakunkuna da lamba ake sayar da su, kuma lambar faɗinsu ce a kashi 64 na inci: lamba 16 rubu'in inci ke nan. Wadda za ta faɗa cikin gangar da kanta ba tare da turawa ba ita ce daidai. Mai cusa babba don ya sami tawada da yawa, zafin hannunsa zai riƙa ratsawa ya kumbura iskar ciki, alƙalamin ya riƙa yi masa amai a takarda. A yanke ta daidai tsayi, a shafa shalak siriri a nonon, a zura, a bar ta ta bushe. Sannan a barbaɗa mata hodar talk zalla marar turare don ta riƙa zamewa. Dalilin da ya sa shalak ne ba sufa gulu ba a bayyane yake: jakar nan ma za ta mutu wata rana, kuma wani zai zo ya buɗe bayanka. Duk mai gyaran da ya taɓa cin karo da wuyan da aka liƙe da sufa gulu ya san irin addu'ar da ake yi wa wanda ya yi.

Wannan tsarin na liba, wanda Walter Sheaffer ya yi rajistarsa a 1908, shi ne makarantar farko. Esterbrook ƙirar J ma ya fi kowanne dacewa da ɗan koyo, don yana da ƙwari, bakinsa kuma kwancewa yake a sa wani. Daga nan abin yana ƙara wuya. Mai fistin, irin wanda Pelikan ya fitar a 1929 bisa dabarar injiniyan Hangari Theodor Kovács, yawanci abin da yake so ɗan giris ɗin silikon ne zalla a bangon ciki. Basilin da man inji suna kashe roba, kada a gwada. Vacumatic na Parker sai da spana ta musamman. Snorkel na Sheaffer, na 1952, mai ɗan bututun da ke fitowa ƙarƙashin baki ya sha tawada, yana da jaka da sifirin da zobban roba a jere, kuma ba wurin koyon aiki ba ne. A ɗaya gefen kuma akwai Parker 51 na bayan 1948, wanda jakarsa ba ta irin robar da ke ruɓewa ba ce. Da yawansu yau, bayan shekaru sama da 70, wanki kawai za a yi musu su ci gaba da rubutu. Wanda ya warware irin wannan don kawai ya ga ciki, neman magana yake.

Baki

Ƙorafin da aka fi ji shi ne baki yana karce takarda, kuma abin da sabon shiga ke fara rarumowa samfefa ce. Nan ake rasa ido.

Ɗauki gilashin ƙara girma mai ninki goma, ka juyo tsinin yana kallonka. A bakin da aka yi da zinare, abin da ke taɓa takarda ba zinaren ba ne. Zinare, ko mai lamba 585 wato karat 14, ko mai 750 wato karat 18, ya yi laushi da yawa, takarda za ta cinye shi. Wani ɗan ƙwallo ne mai tsananin tauri aka liƙa a tsinin, sannan aka tsaga shi biyu tare da bakin. Har yau ana ce masa iridiyam, ko da yake na yanzu galibi haɗin wasu ƙarafa ne masu tauri. Duka-duka bai kai kan allura mai ƙulli ba, kuma shi ne ran alƙalamin. A ƙarƙashin gilashi za ka ga rabi biyun nan. In lafiya suke, suna zaune kafaɗa da kafaɗa. Sau da yawa kuwa za ka ga ɗaya ya ɗan sauka ƙasa da ɗan uwansa, ko da kaurin gashi ne, sai gefensa na ciki mai kaifi ya riƙa kama takarda. Ana gane wa ko ba gilashi: ja layi zuwa dama, ja zuwa hagu. In a tafiyar dama kawai yake karce, leɓen hagu ne ya sauka. Gyaransa farce ne. Ka ɗaga wanda ya sauka kaɗan, ka saki, ka duba, ka sake. Ba a cire komai ba, ba a rage komai ba.

Wanda ya tsallake wannan ya tafi ga guga, zai cinye gefe ɗaya na ƙwallon yana neman santsi, ranar da leɓɓan suka daidaita kuma ya tarar da baki karkatacce. Guga tana zuwa ne a ƙarshe, da takardar guga mafi laushi, mai lamba 12000, a ɗiga ruwa, a rubuta lamba takwas sau uku ko huɗu, a gwada a takarda, a tsaya tun ana ganin da saura. In aka zarce, gefunan cikin tsagin suna zagayewa, tsinin ya koma tudu biyu da kwari a tsakiya. Masu harkar suna kiran wannan siffa ɗuwawun jariri, kuma in ka gani a gilashi za ka yarda sunan ya dace. Santsi kam kamar man shafawa, amma tawadar tana maƙalewa can cikin kwarin ba ta taɓa takarda, sai ka danna kafin harafin farko ya fito.

Ni ma ba na ganin santsi shi ne ƙarshen daɗin rubutu. Bakin da ke ɗan jin takarda, mai 'yar ƙara kamar fensir, ya fi ba hannu iko. Wannan ra'ayina ne, na san akwai masu jayayya.

In kuma bushewa ce matsalar, ɗaga bakin ga haske ka dubi tsagin. Ya kamata ya fara da ɗan faɗi daga ƙaramin ramin da ke tsakiya, ya riƙa tsukewa har tsini. In ya matse gam, ana zura siririn fallen tagulla a share dattin takarda da ke ciki. Reza tana yi wa zinare rauni. Sannan gwada zura takarda tsakanin baki da harshe: in ta shige salin-alin, sun rabu. Harshen ebonait ana tsoma shi a ruwan zafi na ɗan lokaci, a matse shi da bakin har ya huce, ya zauna daram. Harshen roba na zamani ba ya karɓar wannan yadda ebonait ke karɓa.

Ƙyalli

A kan gogewa ne masu wannan sha'awa suka rabu biyu, kuma ba na jin za su taɓa shiryawa. Kowane man goge da ke sa abu ƙyalli, yashi ne mai laushi ƙwarai a cikinsa. Ba ya cike karce, kewayen karcen yake cinyewa har su yi daidai. A kan kaurin akirilik wannan ba komai ba ne. Amma a jikin tsohon alƙalami akwai sunan kamfani da aka buga, wani lokaci da lambar da ke nuna shekarar ƙira, ga zanen ado da aka yi wa ebonait, duk zurfinsu bai taka kara ya karya ba. Guga biyu masu kyau sun tafi da su. Maƙalin aljihu da zoben murfi kuma ruwan zinare ne a kan tagulla. Ka goge sau ɗaya ya yi walƙiya, ka sake, sai ka ga gefen ya fara ja-ja, tagullar ta leƙo.

Masu son ƙyalli suna cewa alƙalami kayan aiki ne, mai shi yana da ikon ganinsa kamar ranar da ya fito daga masana'anta. Har ebonait ɗin da ya koɗe suna maido masa da baƙinsa, ko ta kankare fatar sama ko ta shafa rini. Masu adana tarihi kuma suna ganin wannan shafe shaida ne, balle in aka sayar wa wani ba a gaya masa ba. Ni na fi karkata ga na biyu, amma ba gaba ɗaya ba. Alƙalamin da aka yi miliyoyinsa, wanda zan riƙa rubutu da shi kullum, ina goge shi da hannu, da tsumma, bayan na rufe rubutun jikinsa da ɗan tef. Injin guga kuwa ba na yarda ya kusanci seluloid, don zafinsa kaɗai ya isa. Wanda ba kasafai ake samunsa ba, ƙura kawai nake share masa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Abin da ya sa hannu ke rawa a kan tsofaffin shi ne babu inda za a je a sayo sabon murfi. Tun da biro ya shigo kasuwar Amurka a 1945, biron Bic kuma ya fito a Faransa a 1950, alƙalamin tawada ya riƙa ja da baya, kamfanoni da yawa suka rufe ko suka sauya hannu. Jaka da zoben roba har yanzu ana yin sababbi. Murfi da ganga kuwa sai dai daga jikin wani mataccen.

Ajiya ba ta da dogon bayani. A wanke, a bar shi ya bushe, a sa a inuwa inda iska ke ɗan shiga, kada a kulle seluloid a leda ko kwalba. Wanda ke da tawada a tsayar da shi baki sama. In za a hau jirgin sama a cika shi taf ko a juye shi sarai, don iskar da ke ciki ce ke kumbura ta turo tawada. A daina cusa murfi da ƙarfi a bayan alƙalami lokacin rubutu, yawancin tsagar bakin murfi daga nan take.

Nawa da na fasa bai tashi a banza ba. Bayan kusan shekara biyu wani irinsa ya zo hannuna, gangarsa lafiya amma an lanƙwasa masa baki, ƙarfen cikinsa kuma tsatsa ta gama da shi. Na ciro na marigayin na sa masa. Da shi na rubuta daftarin wannan bayani, kuma har yanzu yana ɗan karcewa in na ja layi zuwa dama, don leɓensa na hagu ya saba sauka, duk bayan 'yan makonni sai na ɗaga shi da farce.